Sa Hannun Baffa Zailani

Ƙofata da ta Alhaji Zailani kallon juna suke yi a hawa na huɗu, a wani tsohon bene da ke unguwar Tremont a nan Bronx, kuma bangon gidan nan ba ya riƙe sirrin kowa. Shekara biyar ina jin abin da ake yi a gidan mutumin nan ina cewa ba ruwana. Da bakin nan nawa na sha ce wa Na'ima ta yi haƙuri. To na gaji da ba ruwana. Sunana Halima Sa'adiya, aikina kula da tsofaffi a gidajensu, kuma abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Wanda zai ji haushi ya ji.

Na'ima 'yar wan Zailani ce, marigayi Mu'awiya. A garin nan aka haife ta lokacin da uban yake karatu, aka koma da ita Kano tana goye. Da ya rasu, Zailani ya je ta'aziyya ya ce a ba shi ita riƙo, tunda tana da takardun ƙasa, zai yi mata karatu har sai ta ce ya isa. Dangi suka yi ta sa masa albarka. Tana 'yar shekara goma sha shida ta iso, tun ranar kuma matarsa Hajiya Rabi'atu ta huta.

Hajiya tana karɓar renon yaran mutane a gida. Da sunanta iyaye suke kawo yaran, amma da sun juya baya sai ta yafa mayafi ta nufi shagonta na atamfa da leshi a Fordham Road. Na'ima ce mai goyo, mai wanke kashi, mai haɗa madara, har ƙarfe biyu da Hajiya za ta dawo. Daga nan ta saɓi jaka ta ruga kwaleji, irin ta shekara biyun nan da ake kira community college. A jirgin ƙasa take karatunta, sau da yawa a tsaye. Duk da haka yarinyar nan ba ta taɓa kawo sakamakon da za a ce da ta ƙara ƙoƙari ba.

Wata Asabar cikin azumi, a farkon Maris, ta buga mini ƙofa kamar an biyo ta. Na buɗe a tsorace, sai ta cusa mini waya a fuska.

"Anti, karanta! Sun ɗauke ni!"

"Ke, ni ina na ga gilashina? Faɗa mini da baki."

Wata jami'a ce a can arewacin jihar, tafiyar awa biyar a mota, ta karɓe ta ta ƙarasa karatun ta fito da digiri a kimiyyar magunguna. Sun kuma ba ta tallafin da suke ba ɗaliban da suka taso daga ƙananan kwalejoji: kuɗin makaranta, ɗakin kwana, abinci. Sharaɗi ɗaya suka gindaya. Sai an kammala fom ɗin tallafin karatu na gwamnati kafin Juma'ar ƙarshen Afrilu, kuma a fom ɗin akwai ɓangaren da uba zai shiga da kansa ya cike, ya sa hannu.

Na rangaɗa guɗa har maƙwabcinmu ɗan Dominika ya leƙo. Na ce, "Ai wannan mai sauƙi ne. Ba Baffanki yake cike miki duk shekara ba?"

"Shi ne, Anti. Da kansa ma yake tuna mini."

Lallai da kansa yake tuna mata, kuma na san dalili. A ƙaramar kwaleji, in an cire kuɗin makaranta daga tallafin, akan sami rara a turo wa ɗalibi ya sayi littattafai ya hau mota. Rarar Na'ima asusun da Zailani ya buɗe mata take faɗawa, katin kuma yana aljihunsa. Wai tara mata yake yi na kayan ɗaki. Littattafanta kuwa na aro ne daga laburare. A sabuwar jami'ar babu wata rara da za ta zo Tremont, komai can zai tafi kan ɗaki da abinci. Ni da nake tsohuwa ya kamata in hango abin da ke tafe, amma murna ta rufe mini ido, na ja hannunta muka tsallaka don in yi musu barka.

Zailani yana kishingiɗe a falo da carbi. Na'ima ta durƙusa ta miƙa masa wayar da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon wasiƙar, ya ja ta sama, ya dawo da ita ƙasa.

"Masha Allah," ya ce. "To, za mu duba."

"Baffa, deadline ɗin ƙarshen Afrilu ne."

"Na gani ai, ni ma na iya Turancin. Bari a sha ruwa."

Hajiya Rabi'atu tana bakin kicin da ludayi a hannu. Sai ta juya ta koma ciki, muka ji ta buga murfin tukunya.

Aka sha ruwa ranar, aka sha na gobe, aka sha na jibi. Da Na'ima ta sake tuntuɓarsa ya ce ya manta password. Ta ce za ta taya shi sabuntawa, ya ce mai yi masa lissafin haraji ya tafi Umara, ba zai taɓa komai ba sai ya dawo. Da goman ƙarshe ta shigo ya ce haba, wane irin rashin tsoron Allah ne a dame shi da zancen boko a wannan lokacin, a bari sai bayan Sallah. Bayan Sallah ya ce yana istihara. Istiharar Alhaji Zailani sai da ta ci sati biyu ba a ga komai ba.

A gefe guda kuma Hajiya ta ƙaro jarirai biyu a kan yara shidan da ake da su. Kasuwar Sallah ta buɗe, ta daina dawowa ƙarfe biyu, sai la'asar sakaliya. Bayan Sallar ma ba ta koma tsohon lokacinta ba. Na'ima ta fara rasa darussa a zangonta na ƙarshe, wanda shi jami'ar za ta duba kafin ta tabbatar mata da gurbi. Kwamfutar da take aiki da ita, Zailani ya ce ta ofishinsa ta lalace, ya ara, ya tafi da ita Harlem inda yake tura wa mutane kaya gida a kwantena. Ba ta dawo ba. Na shiga wata rana neman ashana na tarar da yarinyar nan a tsaye, jariri a baya, wani a kafaɗa yana tsala ihu, tana rubuta aikin makaranta a waya da babban yatsa ɗaya.

Ta rame, idanunta suka faɗa. Sau biyu barci yana kwashe ta a jirgi da rana tsaka, sai a tashar ƙarshe ma'aikaci ya tashe ta. Jarrabawar gwajin da ta yi a tsakiyar Afrilu ta faɗi, karo na farko a rayuwarta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta daina buga mini ƙofa. In mun haɗu a bene sai ta gaishe ni kanta a ƙasa ta wuce.

Na tare Zailani a bakin gida yana buɗe mota.

"Alhaji, don Allah mene ne a cikin sa hannun nan?"

Ya yi wata 'yar dariya. "Malama Sa'adiya, ke babba ce, kin san ƙasar nan. Mace, budurwa, ita kaɗai a dorm, ɗakin kwanan ɗalibai, cikin mutanen da ba sa salla? In ta lalace wa za a zaga? Ni ne. Amanar ɗan'uwana ce."

"Ita kaɗai take shiga jirgi kullum shekara biyu, ba ka ji tsoron lalacewarta ba."

"Nan ai tana kwana a gabana. Kuma fom ɗin nan na bana an canza shi, kai tsaye suke shiga takardun harajin mutum. Ni ɗan kasuwa ne, ba zan buɗe wa gwamnati cikina ba saboda rigimar yarinya. Ga jami'o'i nan birjik a cikin gari. Ta huta shekara ɗaya, ta taimaki Hajiya, baɗi a duba na kusa."

"Baɗi wannan tallafin ba ya nan, Alhaji."

"To ba rabonta ba ne." Ya shiga mota ya sauke gilas. "Kuma da ba don ni ba, yanzu tana ina? Ki tambaye ta."

Wallahi sai da na ji kamar in cire takalmi. Na haɗiye, na hau sama ina huci.

Saura kwana goma sha ɗaya wa'adi ya cika, ranar Litinin, Na'ima ta shigo mini da safe kafin yara su iso. Ta ce in ta je makaranta yau za ta shiga ofishin tallafin karatu ta ce su sanar da jami'ar ta haƙura, a ba wani. Ba kuka take yi ba, kuma da ma kukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce ranar hutuna ce, ƙafata ƙafarta.

Matar da muka samu a ofishin sunanta Hawawu, 'yar Kumasi ce, kakkaura mai gilashi a goshi. Da ta ji muna Hausa sai ta saki Turanci ta kama tata Hausar ta Zongo, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Ta saurari Na'ima har ta gama, sannan ta juya kwamfuta.

"Babanka ya ƙi. To mamanka fa, wannan Rabi'atu?"

"Ba ita ta haife ni ba. Ummata tana Kano."

Hawawu ta sauke gilashin kan hanci. "Zailani ya saki mamanka ne?"

"A'a. Matar wansa ce. Babana ya rasu, Baffa ne ya riƙe ni."

"Tsaya, tsaya. Zailani Tajuddeen ba shi ya haife ka ba?"

"Ubana ne mana," in ji Na'ima. "Ƙanin babana ne uwa ɗaya uba ɗaya."

Hawawu ta dafe kai ta ce, "Ei, Allah!" Sunan kakansu Tajuddeen duk suke amfani da shi, shi ya sa shekara biyu ba wanda ya ɗaga gira a ofishin. Ta tambaya ko Zailani ya taɓa zuwa kotu ya mayar da ita 'yarsa a takarda. Ni na amsa, na ce kotu kuma? Riƙo ne, a tsakar gida aka yi shi, da fatiha.

"Na san riƙo," Hawawu ta ce. "Ni ma ƙanwar babana ya riƙe ni. Amma fom ɗin nan bai san riƙo ba. Wanda ya haife ka yake nema, ko wanda kotu ya ba. Sa hannun Zailani ba ya da amfani a nan, tun farko ma bai kamata ya sa kansa ba. Mamanka ne zai cike, ko yana Kano."

Na ga Na'ima ta ɗago kamar an yaye mata bargo. Amma Hawawu ba ta gama ba. Ta ce sai an gyara bayanan, kuma gyaran yana buƙatar takardar haihuwarta, da shaidar rasuwar mahaifinta, da wasiƙa da hannunta tana cewa Zailani ba mahaifinta ba ne. Ta kuma ce ba za ta ɓoye mata ba, ofishin zai so ya san yadda aka yi aka cike na shekarun baya.

Fuskar yarinyar ta sake rufewa. "In rubuta cewa Baffa ba ubana ba ne?"

"Ƙarya ne?"

"Ba ƙarya ba ce. Amma ba a faɗa."

Duk mu ukun mun san haka. 'Yar riƙo ba ta cewa wanda ya riƙe ta ba ubanta ba ne, ko da wasa, ko a bayan idonsa. Ranar da ta faɗa ta zama butulu har jikokinta. Hawawu ta zaro farar takarda ta ajiye a gabanta, ta ɗora biro a kai, ta ce ita ba za ta matsa wa kowa ba, amma Juma'a ta sama ba za ta jira ba. Na'ima ta kalli takardar ta kai minti biyar. Sannan ta jawo ta ta rubuta layi huɗu.

Fasfonta da takardar haihuwarta suna cikin jakar Zailani mai kwaɗo, don haka muka je ofishin birni muka nemi sabuwar takarda. Ga sunan Mu'awiya nan ɓaro-ɓaro a gurbin uba. Ya rage Umma.

A ɗakina ta kira ta ranar Alhamis da sassafe, lokacin Kano hantsi ya wuce. Ta yi mata bayani a hankali, ba ta ambaci reno ba, ba ta ambaci kati ba, don 'yar riƙo ba ta kai ƙarar gidan riƙo wajen uwa. Ta ce kawai dokar makaranta ce, uwa ake so.

Umma ta yi salati. "Ki ce Alhaji ba ubanki ba ne? Da wane bakin? Mutumin da ya ɗauke ki ya kai ki inda ko a mafarki ban zata ba?"

"Umma, sa hannu kawai za ki yi."

"Ni ban ƙi ba. Amma ba zan tsallake shi ba. Bari in nemi izininsa tukuna."

"Umma, don Allah kar ki kira shi!"

Ta kira shi. Baiwar Allah, ita a ganinta ladabi ta yi. Kafin azahar Zailani ya baro Harlem ya dawo gida, na ji muryarsa tun daga hawa na biyu. Abin da bai kira yarinyar nan ba ranar kaɗan ne, a gaban yaran mutane suna ta kuka. Ya ƙwace wayarta. Ya ce ba kwaleji, ba fita, sai an zauna ranar Lahadi a gaban manya ta janye abin da ta rubuta. Ni ma ya aiko a ce mini in zo, tunda ni ce mai zuga ta.

Na kuwa je, da sabon mayafina.

Bayan azahar aka zauna a falonsa. Ga Malam Abdulmumini, limamin masallacin unguwarmu, da wasu dattawa biyu a kan kujera. Hajiya Rabi'atu ta tsaya a bakin kicin. Na'ima tana ƙasa a kan kafet. Zailani ya kira Umma ya buɗe muryar wayar ya ajiye a kan tebur, wai ta ji da kunnenta irin tarbiyyar da 'yarta ta koyo. Ya yi jawabi mai tsawo: yadda ya ɗauko ta, yadda ya ciyar da ita, yadda bai taɓa bambanta ta da 'ya'yan cikinsa ba, yau ga shi ta je gaban Turawa ta rubuta ba ta san shi ba, tana neman ta jawo masa bincike.

Malam ya gyara murya. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba, amma sulhu a wajensa kullum ƙarami ne yake durƙusawa.

"Na'ima, 'yata, baffa uba ne. A addini haka ne, a al'ada haka ne. Ki ba shi haƙuri, ki je ki karɓo takardar nan, a rufe maganar."

"Na ji, Malam," ta ce. "Baffa, ka yi haƙuri da ɓacin ran da na jawo maka."

Dattawa suka ce madalla. Zailani ya gyara zama.

"Malam ya ce kai ubana ne, kuma na yarda. To ga fom ɗin can yana jiran uba. A ba ni wayata in buɗe maka, minti biyar ne. In ka sa hannu yanzu a gaban Malam, gobe da safe zan je in karɓo wasiƙar in kawo maka ka yaga da hannunka."

Ni na san abin da Hawawu ta ce, sa hannunsa ba zai yi aiki ba, ita ma ta sani. So take ya faɗa da bakinsa a gaban mutane.

Malam ya juya. "To Alhaji, ai magana ta yi sauƙi."

"Ba a yi mini sharaɗi a gidana," in ji Zailani.

"Ba sharaɗi ba ne, roƙo ne," Malam ya ce. "Yarinya ta sami karatu kyauta."

"Na ce ba za ta je ba! Ba inda za ta!"

Sai muryar Umma ta fito daga wayar, ƙasa-ƙasa. "Alhaji, ka yi haƙuri in tambaya. Karatun ai shi ka ɗauke ta ta yi. Me zai ragu in ta je?"

Kafin ya buɗe baki, Hajiya Rabi'atu ta yi caraf daga bakin kicin. "Me zai ragu? Yara takwas wa zai riƙe mini su? Ni in rufe shago ke nan?"

Zailani ya watsa mata wani kallo, amma magana ta riga ta fita.

"Waɗanne yara?" in ji Umma.

Zailani ya kau da kai. Ta sake tambaya. Na buɗe baki zan yi magana, Na'ima ta ɗaga mini hannu. Ta matsa kusa da tebur, ta faɗa wa uwarta abin da ta ɓoye shekara biyar. Ta faɗi renon, daga bakwai na safe, ba ko sisi. Ta faɗi katin da ba ta taɓa riƙewa ba, da littattafan aro, da kwamfutar da aka tafi da ita, da jarrabawar da ta faɗi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zagi kowa ba. Zailani ya yi ta cewa ƙarya ne, sharri ne, sai na ce, "Alhaji, ni shaida ce, kuma in ana so in rantse a kawo Alƙur'ani." Ɗaya daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa.

Na'ima 'yar fari ce, kuma Umma irin matan nan ne da ba sa kama sunan ɗan fari don kunya, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ranar ta kama.

"Na'ima."

"Na'am, Umma."

"A ina ake sa hannun?"

Zailani ya miƙe tsaye. "Yaya, ki yi tunani. Ki tuna a gidan wa kike zaune."

"Na tuna, Zailani. A ɗakin da wanka ya bar ni nake. Riƙo na ba ka don ta yi karatu, ban ba ka 'yar aiki ba. In ɗakin kake so, aiko a karɓi makulli."

Ya kashe wayar. Malam ya yi ta "a yi haƙuri, a yi haƙuri", amma ba wanda yake jin sa. Kafin la'asar Hajiya ta tattara kayan Na'ima a baƙaƙen ledojin shara guda uku ta jefo su waje, wayar a kan na sama. Taku uku ne tsakanin ƙofarsu da tawa. Na ja biyu, Na'ima ta ja ɗaya.

Sauran kwanakin gudu ne. Umma ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, sai wani shagon buga takardu ta je a unguwarsu, da shaidar rasuwar mijinta a cikin leda. Ranar farko ba wuta, ranar biyu ba network. Hawawu ta bar abincin ranarta tana kan waya da mai shagon tana nuna masa inda zai danna. Ranar Alhamis, saura kwana ɗaya, saƙo ya shigo cewa an kammala. Na'ima ta karanta shi sau uku, sannan ta kifa kai a cinyata ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa. Ta zauna ta ci jarrabawar ƙarshe, jami'a ta tabbatar mata da gurbinta.

Kada wani ya zaci abin ya zo a banza. Zailani ya aika an karɓi makullin, Umma ta kwashe kayanta ta koma gidan ƙaninta, ɗaki ɗaya ita da 'ya'yansa mata. Dangin uba suka cire Na'ima daga zauren WhatsApp na gida. A nan Bronx kuwa, na je suna a watan Yuni, mata suka ja tabarma suka bar ni ni kaɗai da farantina. Na ji wata tana cewa yarinya ta ci gidan mutum ta tona masa asiri, Allah Ya raba mu da riƙon ɗan wani. Ba wadda ta ce Allah Ya raba ɗan wani da irin wannan riƙon. Na cinye shinkafata tas, na nemi ƙari.

Ina so masu cewa butulu su gaya mini abu ɗaya. Yarinyar da ta yi shekara biyar tana wanke kashin yaran da ba ta haifa ba, aka karɓe abin da aka ba ta don littafi, aka tsaya a ƙofar karatunta da carbi a hannu, ita ce za ta gode? Gidaje nawa ne a Tremont da Harlem ake wannan, ana kiransa zumunci? Mun san su. Muna cin tuwon sunansu, muna ce wa yaran su yi haƙuri. Ni ma na faɗa, kuma ina neman gafarar Allah.

Ranar da za ta tafi, wata Asabar ce a ƙarshen Agusta, da hantsi. Motar da za ta kai mu tashar bas tana jira a ƙasa. Muna saukowa da akwati muka yi kiciɓis da Zailani a hawa na biyu, yana hawowa da ledar burodi. Wata huɗu ke nan in ya hango ta sai ya kau da kai. Benen ƙunci ne da shi, ba hanyar kaucewa.

Na'ima ta ajiye akwatin ta rusuna har ƙasa.

"Baffa, ina kwana. Zan tafi makaranta, na zo in yi maka sallama."

Ya kalli bango. "Wa kike kira Baffa? Ni ba ni da 'ya kamarki. Ni ba ubanki ba ne."

Ta miƙe ta kama hannun akwatinta.

"Ai haka na rubuta musu, Baffa."

Ta raɓa ta gefensa ta sauka. Na bi ta da jakar littattafai, muka bar shi a tsaye da burodinsa.